Ku Tambayi Kawu: Kwamfuta Ta Ce Na Faɗi Alhali Ni Ke Da Gaskiya

Jama'a assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce layi biyu kacal na yi a kan wasan kacici-kacicin wasanni da ake yi a kwamfutar gida, ashe na tsokano tsuliyar dodo, saƙonni suka yi ta shigowa daga Kabi da Zamfara har wayata ta fara ɗaukar zafi. Na tsinto guda shida, sauran ku yi haƙuri. Kamar kullum ba na sa sunan kowa sai garinsa.

Daga Birnin Kebbi: Kawu ina wuni, ya aiki. Wana ne ya sawo muna kwamfuta ta hannu irin mai zama bisa tebur, da munka kunna ta sai munka iske wani wasa ciki, tana kawo tambaya da amsa huɗu ka zaɓi ɗaya kafin lokaci shi ƙare. Ranar Jumma'a ta tambaye ni sau nawa Ajantina ta ci kofin duniya na danna 3, sai ta yi wata ƙara ta ce wai 2 ne, ƙannena sunka yi ta yi mani dariya, ni da na kalli wasan Katar da idona gidan kallo har magariba ta kusa kuɓuce mani. Kuma in na shiga wajen ƙwallon ƙafa sai ta kawo wasu ƙatti da hular kwano sun rungumi ƙwallo mai kama da gwanda. Mi ke faruwa?

Ɗana kai ke da gaskiya, je ka faɗa wa ƙannen naka Kawu ya ce su dawo maka da dariyarsu. Ajantina ta ci a 1978, ta ci a 1986 zamanin Maradona, sannan ta ci a Katar ranar 18 ga Disamba 2022, aka tashi 3 da 3 da Faransa, Messi ya ci biyu Mbappe ya ci uku, aka je bugun fenariti suka ci 4 da 2. To me ya sa kwamfuta ta ce 2? Saboda kwamfutar nan ba ta kallon ƙwallo, ba ta jin rediyo, ba ta zama majalisar mai shayi. Wani mutum ne ya zauna wata shekara ya rubuta tambayoyi da amsoshinsu ya ɗura a cikin manhajar, ita kuma aikinta kawai ta cusa hannu ta zaro ɗaya ta miƙo maka. Rumbu ne, abin da aka zuba da kaka shi za ka ɗebo da bazara, ba za ka zuba gero ka zo kana neman shinkafa ba. Wanda ya rubuta naku ya gama aikinsa tun kafin ƙarshen 2022, a lokacin kuwa 2 ɗin gaskiya ce.

Kuma ka ga abin daɗi, kana iya gane shekarun wasan daga amsoshinsa kamar yadda ake duba haƙoran rago a kasuwa. In ya ce Najeriya ta ci kofin nahiyar Afirka sau 2, to an rubuta shi kafin Fabrairun 2013, lokacin da Sunday Mba ya zura wa Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo a Afirka ta Kudu, Stephen Keshi yana koci. In ya ce Sifen ba ta taɓa cin kofin duniya ba, kafin 2010 ne. In ya ce Real Madrid na da kofin zakarun Turai 9, tsakanin 2002 da 2014 aka yi shi, ai a 2024 suka ɗauki na 15. In kuwa ya ce maka Brazil sau 4, to wasan nan ya girme ka, ka riƙa gaishe shi da safe. Ka lura da wannan: duk tambayar da ta fara da "sau nawa" ko "wa ya fi kowa" tana tsufa, amma wadda ta fara da "wa ya fara" ko "a ina aka yi" ba ta motsi. An fara kofin duniya a Urugwai a 1930, Rashidi Yekini ne ya fara ci wa Najeriya ƙwallo a kofin duniya a wasan Bulgeriya a 1994, ya kama raga yana kuka, waɗannan ko jikokinka haka za su iske su.

Maganar ƙatti masu hular kwano kuwa, 'yan Amurka ne suka yi wasan naku. Su abin da suke kira futbol wani wasa ne daban, da hannu ma aka fi yin sa. Namu na ƙafa ka nemi inda aka rubuta Soccer ka danna nan.

Daga Talata Mafara: Kawu don Allah ka rufa mani asiri. Ni ne mai kallon bal shekara da shekaru, mai ɗakina ko ofsaid ba ta sani ba, amma duk dare in munka zauna wasan ga sai ta ba ni kashi, jiya 17 gare ta ni 11. Ko dai akwai abin da take dannawa ban sani ba?

Malam babu abin da take dannawa, hankali take sawa kai kuma zuciya kake sawa. Na farko, tunda tambayoyin rumbu ɗaya suke fitowa dole suna maimaituwa, ita in ta faɗi sau ɗaya sai ta riƙe amsar ta wuce, kai kuwa in ka faɗi sai ka tsaya musu da na'ura, gobe tambayar ta dawo ka sake danna abin da ka danna jiya don kana ganin ai kai ka sani. Ina kuma zargin da rana in ka fita kasuwa tana ɗan kunnawa, amma wannan tsakaninku ne ba ruwan Kawu.

Na biyu shi ne gaggawa. Ku masu ganin kun san ƙwallo ba ku karanta tambaya har ƙarshe, masu rubuta ta kuwa a wutsiya suke ɗana tarko. Za a ce wace ƙasar Afirka ta fara zuwa kofin duniya, hannunka ya tafi kan Kamaru saboda Roger Milla da rawarsa ta 1990, alhali Masar ce tun 1934. Kamaru ita ce ta fara kaiwa zagayen 'yan takwas, Maroko kuma ta fara kaiwa na kusa da ƙarshe a 2022, tambaya uku ke nan daban-daban masu kama da juna kamar 'yan uku. Za a ce a wace shekara aka buga gasar nahiyar Afirka ta 2023, ka yi tsaki ka ce wannan ai rainin hankali ne, to a farkon 2024 aka buga ta a Kodebuwa, inda masu gida suka ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe, har yau abin na ci mani rai. Haka Olamfik ɗin Tokyo 2020, a 2021 aka yi shi saboda korona. Sannan in ka ga Ronaldo da 2002 a layi ɗaya ba na Fotugal ake nufi ba, na Brazil ne mai askin nan na gaban goshi, wanda ya ci Jamus biyu a wasan ƙarshe.

Kuma in ba ka sani ba kada ka bari lokaci ya cinye, in dai wasan ba ya rage maki a kan kuskure. Amsa huɗu ce, ko makaho ya yi ta dannawa zai dace da kusan 5 cikin 20, in ka iya fitar da biyun da ka tabbata ba su ba ne ya zama rabi da rabi. Ka ajiye linzamin kwamfutar ma in wasan na karɓar lambobi, ka ɗora yatsu kan 1, 2, 3, 4 a kibod, ya fi sauri. Amma in duk ka yi wannan ta ci gaba da cin ka, to ka sayo mata tsire ka yi shiru.

Daga Gusau: Assalamu alaikum Kawu. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. Tunda babansu ya kawo laftof gidan ga, da an sallame isha'i sun dafe kanta suna wasan tambayoyin ƙwallo. Babban yana aji biyu ƙaramar sakandare, ya san sunan kowane ɗan wasan Arsenal amma lissafi ya ci 32. Ina son in hana su gaba ɗaya, babansu ya ce in bar su. Mi ka gani?

Hajiya wa'alaikumussalam, Allah ya raya muna su. Ni dai ban goyi bayan a hana gaba ɗaya ba, kuma zan faɗa miki dalili. Kwanaki na kwana gidan ƙanwata nan Gusau ɗin, na ga irin wannan zama da idona. An kife turmi tsakar gida an ɗora laftof a kai, yara biyar kan tabarma ɗaya, babbar tana karanta tambaya da ƙarfi tana fassara wa ƙananan da Hausa, autan ya ɗaga yatsa sama yana jira a ce masa danna, shi aikinsa ke nan kuma ba mai taɓa masa. Kakarsu na gefe tana jan carbi, duk tambayar da aka karanto sai ta ce "ta biyu", ba ta taɓa sakewa ba, ranar da ta dace kuwa sai da maƙwabta suka ji shewa. Na zauna ina kallonsu na ce a raina, a wannan zamani da iyaye ba su da kwanciyar hankali in yaro ya kai dare a waje, ga yara a gabanki kina jin numfashinsu, ba ya gidan kallo cikin hayaƙin sigari da zagin manya, wannan ba abin yarwa ba ne.

Abin da za ki yi shi ne ki sa masa ƙa'ida. Sai an yi aikin gida na boko, an biya haddar Islamiyya, sannan a kunna, kuma minti 30 ko 40 ya isa, ranar da babu makaranta a ƙara musu. Laftof ta zauna tsakar gida ko falo, kada ta shiga ɗaki, musamman in tana kan intanet don tallace-tallacen da ke faɗowa ba duka ne na yara ba, wasu ma na caca ne tsagwaronsu.

Shi kuma mai 32, yaron da ya haddace sunan mutum ashirin da wani abu da lambar rigarsu ba daƙiƙi ba ne, abin da yake so ne ya shiga kansa. Ki bi ta ƙofar da ya buɗe. Ki ce masa a kakar 2003 zuwa 2004 Arsenal ɗinsa ta buga wasa 38 a gasar Firimiya ba a doke ta ko sau ɗaya ba, namu Nwankwo Kanu ma na cikinsu, ta ci 26 ta yi canjaras 12, ci maki 3 ne canjaras maki 1, to nawa ta tara? Ki bar shi da biro da takarda. In ya kawo miki 90 ya yi sau ya yi tarawa bai ma san ya yi ba. Gobe ki ce ƙungiya 20 ce, kowacce za ta haɗu da kowacce gida da waje, wasa nawa ke nan gaba ɗaya? Wannan zai ɗan wahalar da shi, 380 ne, kada ki faɗa masa da wuri.

Daga Kaura Namoda: Kawu sau uku ina kusa karya makin abokina ana ɗauke wuta komai shi goge. Ina mafita?

Kwamfutar tebur ba ta da batir, wuta na tafiya ta tafi da abin da ba a adana ba, kuma yawan mutuwar farat ɗaya na iya lalata mata ma'ajiya. Ka sayi ɗan akwatin nan UPS, zai riƙe ka 'yan mintoci ka ƙarasa zagaye ka kashe ta da mutunci, ko ka jona ta da sola in kuna da inbata. Kafin nan ka ajiye littafi a gefe kuna rubuta maki duk zagaye da shaida ɗaya. Kuma tunda na ji kuna yawo da wasan a filash daga gida zuwa gida, a riƙa duba shi da maganin bairos kafin a buɗe.

Daga Argungu: Kawu barka da war haka. Ni abin da ke ba ni haushi, na yi wata biyu ina wasan ga, an tambaye ni kurket, an tambaye ni tanis, an tambaye ni wasan ƙanƙara da ban taɓa gani ba, amma ko sau guda ba a tambaye ni dambe ko kokawa ko kamun kifinmu ba. Shin mu ba mu da wasa ne?

Yauwa ƙanena, wasiƙarka ce ta fi yi mani daɗi a wannan karo. Muna da wasa har da na sayarwa. Amma wanda ya cika rumbun bai taɓa jin kiɗan kalangu ana kiran ɗan dambe ba, bai taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada ya ga dubban masunta sun ruga ruwa lokaci ɗaya da homa da gora ba, ta ina zai tambaye ka? Ba ƙiyayya ba ce, abin da ya sani ya zuba. Kuma in kana jira wani a Landan ya zauna ya rubuta maka tambaya a kan langa, za ka daɗe ba ka ga Annabi ba, kamar yadda masu magana ke cewa.

Ka yi naka. In kwamfutar na da PowerPoint, manhajar nan ta haska bayani shafi-shafi, ka gama, ba ka bukatar data ko ta naira ɗaya. Kowace tambaya shafi guda, ka rubuta ta a sama, ka zana akwati huɗu a ƙasa da amsoshi. Ka yi wani shafi ka rubuta "Ka faɗi, sake lale". Sai ka danna akwatin amsar gaskiya ka shiga Insert ka zaɓi Action ka haɗa shi da shafin tambaya ta gaba, sauran ukun ka haɗa su da shafin faɗuwa, a can kuma ka sa maɓallin komawa baya. Abu ɗaya da kowa ke mantawa, ka shiga Transitions ka cire alamar da ke kan On Mouse Click, in ba haka ba duk inda yaro ya danna shafi zai wuce ko ya sani ko bai sani ba. In ƙ da ɗ da ɓ sun ba ka wahala a kibod, ka rubuta a waya da kibod ɗin nan Gboard, yana da Hausa, ka turo wa kwamfutar. Wanda ke son ta riƙa ƙirga maki da kanta ya nemi Scratch, kyauta ne, jami'ar MIT ta Amurka ta yi shi don yara, kuma akwai wanda ake saukewa a yi aiki da shi ba intanet.

Tambayoyi kuwa ga su nan zube a ƙofar gidanku. A wace shekara aka fara bikin kamun kifi na Argungu a yadda aka san shi yanzu? 1934, da zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato. Yaushe hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali? 2016. Me ake kira wasannin ruwa da ake yi lokacin bikin, su ninƙaya da tseren kwale-kwale da kamun agwagwa? Kabanci, wannan ko ɗan yaye na garinku ya sani amma ka gwada ɗan Kano ka gani. Turmi nawa ake yi a dambe? Uku. Me ake nufi da an yi kisa? Ba rai aka ɗauka ba, an kai mutum ƙasa ne. Gurbi nawa ke dara, 'ya'ya nawa kowa ke riƙewa? 30, kowa da 12. Me ake ba wanda ya zama sarkin kokawa na ƙasa a Nijar? Takobi, mutanen Kamba da ke bakin iyaka ba za su faɗi wannan ba. Ina filin wasa na Haliru Abdu yake, ina na tunawa da Sardauna yake? Birnin Kebbi da Gusau. Ka gauraya da na ƙwallonmu na gida, shekarun da Kano Pillars ta ci gasar ƙasa, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Ajantina a 2014 ya sake cin Ayislan biyu a 2018.

Ga wadda na fi so, na gwada ta a majalisa aka kusa ba hammata iska. Wa ya girmi wani, jihar Zamfara ko zinaren da Najeriya ta ci a ƙwallon Olamfik a Atlanta? Duk 1996 ne. An ci Ajantina 3 da 2 ranar 3 ga Agusta, Zamfara kuwa sai 1 ga Oktoba aka cire ta daga Sakkwato, zinare ya ba ta kusan wata biyu.

Sharaɗi ɗaya, kada ka rubuta amsar da ba ka tabbatar ba. Wadda ta shafi tsofaffin 'yan dambe da masunta ka je wajen dattawa da littafinka, ka ji daga baki biyu ko uku, don in ka ɗura ƙarya kai ma gobe wani yaro zai rubuto mani yana ƙarar kwamfutarka.

Daga Jega: Kawu mu shida ne muke haɗuwa shagon abokinmu bayan mun tashi kabu-kabu, kowa shi aza ɗari biyu, wanda ya fi maki shi kwashe. Wani cikinmu ya ce caca ce ya daina zuwa, mu kuma mun ce ai ilimi ne ba sa'a ba. Raba muna gardama.

Ni ba malami ba ne, ku kai wa limaminku ya yi muku bayani da hujja, amma tunda kun tambaye ni, abokin naku ya fi ku gaskiya. Kowa ya zuba kuɗinsa, ɗaya ya kwashe biyar suka tashi hannu rabbana, ko sunan me kuka sa masa kamanninsa ba su sake ba. Kuma maganar wai ba sa'a ba ce, na riga na faɗa a sama, na'ura ce ke zaro tambaya yadda ta ga dama, wani ta ba shi Najeriya wani ta ba shi wasan ƙanƙara. Yau ɗari biyu ce, wata mai zuwa wanda aka cinye zai ce a mai da ita dubu don ya fanshe, daga nan kuɗin mai da na balas ɗin mai babur su shiga ciki. In wani daban da ba ya cikin wasan ya sa kyauta, kamar mai shagon ya ce wanda ya ci yana da lemo ɗaya, wannan wata magana ce.

In zafin gasa kuke so ai kakanninmu sun riga sun yi muna tanadi. Da can in aka yi maka kacici-kacici ka kasa, me kake yi? Gari kake bayarwa. To ku koma haka, duk wanda ya faɗi tambaya ya ba na kusa da shi gari, ana rubutawa a bangon kwali, in wata ya ƙare a ga wa ya fi ƙasa. Mu da muka gwada a gidan ƙanwata, kafin a kashe laftof 'yar shekara tara ta karɓe mani Yawuri da Zuru da Bunza, na ce ta bar mani Koko in kwana ta ce sai dai in biya haya. Ku je ku kira abokinku ya dawo, ku fara ba shi Jega ɗin kyauta.